Zamana a Omagh, kafin bom da bayansa

An haife ni a Kaduna, a unguwar Kakuri, inda mahaifina ya yi aiki a masaƙa har ƙarfinsa ya ƙare. Na yi karatun likita a Zariya, na yi bautar ƙasa, na ɗan taɓa aiki a gida, sannan a watan Fabrairun 1996 na samu gurbin ƙaramin likita a sashen tiyata na asibitin wani gari mai suna Omagh, a gundumar Tyrone ta Ayilan ta Arewa. Ba don na san garin na zaɓe shi ba. A wancan zamanin likitocin da suka fito daga Najeriya da Sudan da Indiya da Pakistan sukan karɓi duk gurbin da Allah ya kawo, kuma ƙananan asibitocin karkara ne suka fi buƙatarmu. A watan da na sauka ne ƙungiyar IRA, mai yaƙin raba Ayilan ta Arewa da Birtaniya, ta janye daga tsagaita wutar da ta yi tun 1994, ta tayar da bom a unguwar Docklands ta birnin Landan. Mahaifiyata ta ji labarin a rediyo, ta sa aka rubuto mini wasiƙa cewa idan neman abinci ne ya kai ni can, to a Kaduna ma ana ci ana ƙoshi.

Omagh gari ne na mutum kimanin 20,000, a daidai inda kogin Drumragh da kogin Camowen suka haɗu suka zama kogin Strule. Babban titinsa yana hawa tudu ne har ya dangana da ginin kotu, a bayan kotun kuma akwai majami'u da ke kusa da juna ƙwarai, ta Katolika mai hasumiya biyu da ɗaya ta fi ɗaya tsawo, da na ɗariƙun Furotesta. Ruwan sama ba ya yankewa, gonaki kore shar duk shekara, mutane kuma suna da fara'a da yawan gaisuwa, har na rubuta wa gida cewa hankalinsu ya kwanta, babu abin da ke faruwa a nan. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

Masaukina gidan wata dattijuwa ce, bazawara, 'yar ɗariƙar Furesbiteriya, wadda ke ba ma'aikatan asibiti hayar ɗaki. Tun makon farko na fara kiranta Mama, domin bakina ya kasa kiran sa'ar mahaifiyata da sunanta kai tsaye kamar yadda suke yi a can. Ta yi dariya, ta amsa, ita kuma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Likita. Da ta gane ba na cin naman alade sai ta ware mini tukunya da kasko, da azumi ya zagayo kuma takan bar mini abincin sahur a murhu kafin ta kwanta. A teburinta na fara koyon yadda garin yake.

Abin da na fara lura da shi shi ne, mutum biyu ba sa sakin jiki su yi hira sai kowannensu ya gano ɓangaren ɗan'uwansa, kuma ba a taɓa tambaya kai tsaye. Ana ganewa ne daga sunan yanka da na iyali, daga makarantar da mutum ya yi, daga unguwar da yake zaune, daga irin ƙwallon da 'ya'yansa ke bugawa, har da jaridar mako da yake saya, domin garin yana da biyu: Ulster Herald ta fi shiga gidajen Katolika, Tyrone Constitution kuma gidajen Furotesta. Cikin minti biyu an gama wannan lissafi, daga nan sai a san abin da za a faɗa da abin da za a haɗiye. Tushen abin ya yi nisa. Tun farkon ƙarni na 17 masarautar Ingila ta kawo manoma Furotesta daga Sikotlan da Ingila ta ba su ƙasar da aka ƙwace daga 'yan asalin wurin, waɗanda Katolika ne. Da aka raba tsibirin a 1921, gundumomi shida na arewa suka zauna ƙarƙashin Birtaniya, ciki har da Tyrone, duk da cewa Katolika ne suka fi yawa a cikinta. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1998 an kashe mutum sama da 3,500. A iya zamana ban taɓa jin mutum biyu suna gardama a kan aƙida ko nassin littafi ba. Gardamar a kan ƙasa take, da mulki, da wanda zai samu aiki da gida, addini kuma shi ne tambarin da ake gane kowa da shi.

Ni kuwa wannan lissafi bai kama ni ba. Baƙar fata ne, Musulmi, sunana bai nuna komai ba, makarantata tana Zariya. Saboda haka sai na zama mutumin da kowane ɓangare yake iya yi wa magana ba tare da tsoron inda za ta je ba, kuma na ji abubuwan da maƙwabta na shekara arba'in ba su taɓa faɗa wa juna ba.

Mama ce ta fara. Wani dare na dawo daga aiki na tarar da ita zaune ba ta kunna fitila ba, ashe ranar ce ranar da aka kashe mijinta shekaru da dama da suka wuce. Manomi ne mai kiwon shanu, da dare kuma yakan yi aikin wucin gadi a rundunar UDR, wadda Birtaniya ta kafa a 1970 daga mutanen yankin, kusan dukkansu Furotesta. An kashe wa rundunar nan mutum kusan 200, da yawansu ba a bakin aiki ba, sai a gida ko a gona ko a wurin sana'arsu ta rana. Shi ma haka aka yi masa. An jira shi a bakin hanyar gonarsa da sassafe, lokacin da yake fitar da madara. Ta ce mini: "Likita, wanda ya harbe shi ban san shi ba, kuma ban damu in san shi ba. Amma wani ne ya faɗa musu ƙarfe nawa yake fitowa, kuma gidaje biyar ne kacal a kan hanyar nan." Dukkan gidajen biyar sun zo mata ta'aziyya, sun kawo abinci, wasu sun taya ɗanta yankan ciyawa a wannan damina. Ta karɓi gaisuwar kowa, ta gode wa kowa, amma tun daga ranar ba ta sake duban fuskar ɗayansu ba tare da tambayar tana cikin ranta ba. Wannan ne ya sa ta bar wa ɗanta gonar ta dawo cikin gari. A babban birni wanda ya cuce ka baƙo ne, kana iya tsanarsa daga nesa. A ƙaramin gari kuwa za ka haɗu da wanda kake zargi a kantin magani, ku gaisa, ku yi zancen ruwan sama, kuma wataƙila ma ba shi ne ba.

Ɗaya ɓangaren na ji shi ne daga wani ma'aikacin asibiti mai tura marasa lafiya a keke, Bakatolike, wanda ya girme ni da fiye da shekara goma. Mukan sha shayi tare idan aikin dare ya lafa. An kama yayansa a watan Agustan 1971, lokacin da gwamnati ta fara tsare mutane ba tare da shari'a ba, aka riƙe shi tsawon lokaci, aka sako shi ba a tuhume shi da komai ba, kuma bai sake zama mutum sosai ba. Shi kansa ya ce abin da ya fi ci masa rai a samartakarsa shi ne shingen bincike na dare, inda maƙwabcinsa, wanda suka yi cinikin ɗan maraƙi da rana, zai tare shi sanye da kaki da bindiga, ya haska masa tocila a fuska, ya tambaye shi sunansa da inda ya fito, alhali ya san sunan kakansa ma. Ya ce ba ya goyon bayan kisa, amma ya san gidajen da ake buɗe wa 'yan IRA ƙofa da dare, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba, domin a unguwarsu babu zagin da ya kai a ce mutum ɗan rahoto ne. Da na ji wannan sai na tuna da gidaje biyar na Mama, na yi shiru. Ban taɓa kai maganar ɗayansu wurin ɗayan ba, ko da yake sun san juna, kuma idan ya rako ni gida takan ba shi shayi.

Garin bai tsira daga tashin hankali ba kafin zuwana. A watan Agustan 1988 an tayar wa motar sojoji bom kusa da Ballygawley a kan hanyarsu ta zuwa barikin Omagh, sojoji 8 suka mutu. A watan Janairun 1992 kuma aka kashe leburori 8, dukkansu Furotesta, a mararrabar Teebane, suna dawowa daga aikin gini a barikin Lisanelly da ke cikin garin. Duk da haka mutanen Omagh suna alfahari da cewa su ba kamar Belfast ba ne, babu katangar da ta raba unguwanni, kasuwa ɗaya ce, asibiti ɗaya ne. Akwai gaskiya a ciki, amma zaman doya da manja ne. Na ga haka a watan Yulin 1996, lokacin rikicin Drumcree, da 'yan ƙungiyar Orange ta Furotesta suka dage sai sun yi jerin gwano ta unguwar Katolika a Portadown. An toshe hanyoyi a faɗin yankin, wasu ma'aikatanmu suka kasa zuwa aiki, bayan nan kuma a wasu garuruwan Tyrone Katolika suka ƙaurace wa shagunan Furotesta da suke zargin sun shiga toshe hanya. A ɗakin shan shayi na asibiti kuwa, inda kowa ya san abin da ke ran kowa, sai hirar hutu da tsadar kaya.

Sai ga 1998. A ranar 10 ga Afrilu aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Belfast, ranar 22 ga Mayu kuma aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 71 cikin ɗari a Arewa suka amince, kashi 94 a Jamhuriyar Ayilan. Abokina ya jefa ƙuri'ar amincewa yana murna. Mama kuwa ta yi makonni tana fama da sashe ɗaya na yarjejeniyar, wanda ya ce za a saki fursunonin ƙungiyoyin 'yan bindiga cikin shekara biyu. Ta ce mini: "Ana so in sa hannuna a buɗe wa masu kisa ƙofa." Ranar zaɓe ta sa hularta ta zuwa majami'a ta fita, ta dawo ba ta ce komai ba. Sai da daddare ta ce ta tuna jikokinta ne, daga nan na gane abin da ta zaɓa. Ba a ce komai ya lafa ba, domin a watan Yuli an ƙone yara uku 'yan gida ɗaya a Ballymoney, ranar 1 ga Agusta kuma wani bom ya tashi a Banbridge. Amma yawancin mutane sun ɗauka wannan shure-shuren ƙarshe ne.

Ranar Asabar 15 ga Agusta ba ni da aiki. An yi rana mai kyau, abin da ba kasafai ake samu ba, gari ya cika da mutane saboda ana bikin mako na gari, iyaye mata kuma suna sayen kayan makaranta domin hutu ya kusa ƙarewa. Ina ɗakina da misalin ƙarfe 3:10 na yamma na ji wata ƙara da ta girgiza tagogi. Ban taɓa jin bom ba a rayuwata, amma Mama ta san ƙarar. Ta tsaya a ƙasan matakala ta ce: "Likita, ɗauki takalminka."

Abin da ya faru, kamar yadda ya bayyana daga baya, shi ne wasu da suka ɓalle daga IRA saboda adawa da yarjejeniyar, waɗanda ake kira Real IRA, sun sato mota ƙirar Vauxhall Cavalier a Jamhuriyar Ayilan, suka cika ta da nakiyar da aka haɗa da takin zamani, kimanin kilo 230, suka ajiye ta a ƙasan titin Market Street. Kimanin minti 40 kafin ta tashi an buga waya gidan talabijin na UTV da ofishin wata ƙungiyar agaji da gargaɗi, amma gargaɗin ya ambaci kotu, wadda ke can saman tudu. 'Yan sanda suka kwashe jama'a daga wajen kotun suka gangaro da su ƙasa, inda suke zaton babu haɗari, wato daidai inda motar take. Mutane suna tsaye a gefenta, wasu ma sun jingina da ita, suna jiran a ce su koma sayayya.

Da na isa asibiti motocin ɗaukar marasa lafiya ba su ma fara isowa ba, amma ƙofar ta cika. An kawo mutane a motocin gida, a tasi, a bayan motocin kaya, daga baya har da bas. An ɗauko wasu a kan ƙyauren ƙofa da katakon shaguna. Ƙaramin asibiti ne, ranar Asabar ce, ma'aikatan da ke bakin aiki ba su da yawa, sai ga mutum sama da ɗari cikin ƙasa da sa'a guda. Gadaje suka ƙare, aka jera mutane a ƙasa cikin baranda, jini ya sa ƙasan ta yi santsi har muna tafiya muna dafa bango. Layukan waya sun lalace, sai ta rediyo aka yi kira ga duk mai ilimin jinya ya zo, kuma sun zo, har da waɗanda suka daɗe da yin ritaya.

A makaranta an koya mana yadda ake tantance wanda za a fara dubawa idan masu rauni sun fi ƙarfin ma'aikata. Ba a koya mana yadda za ka wuce yarinyar da ta riƙe maka ƙafar wando ba, saboda ka duba ka ga za ta iya jira, ko kuma ka ga jira ba zai amfane ta ba. Raunukan na filin yaƙi ne: ƙafafu da hannaye da suka guntule, ƙuna, ƙarfen mota da gilashi da suka shige ciki da ido da ƙirji. Da yawa ba sa jin abin da muke faɗa domin ƙarar ta fasa musu dodon kunne. Akwai yara 'yan Sifaniya da suka zo koyon Turanci a garin Buncrana na gundumar Donegal, aka kawo su yawon buɗe ido ranar, suna kuka suna kiran iyayensu da harshen da babu mai ji a cikinmu. Waɗanda ba a san sunansu ba muka riƙa rubuta musu lamba da allurar da aka yi musu a jiki, domin takardu sun jiƙe.

Abin da ba na mantawa shi ne, ma'aikatan jinyar nan 'yan garin ne. Duk wanda aka shigo da shi sai sun dubi fuskarsa kafin su dubi rauninsa. Wadda muka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ita ranar tana da 'ya budurwa da ke aikin Asabar a wani shago a titin, kuma ta yi sa'o'i tana ɗaure raunuka tana sa ruwa a jijiya ba ta san ko 'yar tana raye ba. Sai bayan magariba wani ya raɗa mata cewa an gan ta lafiya. Ta shiga ɗakin ajiyar magani ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo. Wasu abokan aikinmu ba su samu irin wannan labarin ba.

Jiragen soja masu saukar ungulu ne suka riƙa kwasar waɗanda suka fi jin jiki zuwa manyan asibitocin Belfast da Derry. Na ga abokina mai tura keke, wanda ya shafe rayuwarsa yana kauce wa kaki, riƙe da gefe ɗaya na gadon ɗaukar majinyaci, soja ɗan Ingila riƙe da ɗaya gefen, suna gudu tare. Limaman Katolika da fastocin Furotesta suna bin baranda suna yi wa duk wanda suka tarar addu'a, domin lissafin nan na suna da makaranta ya ƙi aiki a kan mutumin da toka da jini suka rufe. Iyalai kuma aka tara su a cibiyar wasanni ta garin suna jiran a kira suna, wasu har wayewar gari, daga nan a kai su barikin Lisanelly inda aka ajiye gawarwaki. Ni sai da asuba na samu na rama sallolin da suka wuce ni, a wani lungu kusa da ɗakin tiyata, kuma ban iya karanta komai ba bayan Fatiha.

Mutum 29 ne suka mutu, cikinsu da mace mai cikin tagwaye da ya kusa haihuwa, wadda ta rasu tare da mahaifiyarta da ƙaramar 'yarta. Sama da mutum 200 suka ji rauni. Akwai Katolika, akwai Furotesta, akwai 'yan Sifaniya biyu, akwai yara uku da suka zo daga Buncrana. Babu wani hari guda da ya ci rai haka a Ayilan ta Arewa tun farkon rikicin, kuma ya zo ne wata huɗu bayan an ce an yi sulhu. Ƙungiyar ta amsa cewa ita ce, ta ba da haƙuri, ta ce ba fararen hula ta nufa ba. A ganina wanda ya ajiye irin wannan mota a titin kasuwa ranar Asabar da rana ya riga ya yanke hukunci a kan fararen hula, ko da gargaɗinsa ya fita daidai.

Makon da ya biyo baya na jana'iza ne, wata na bin wata. Mama ta halarci da yawa, ciki har da na Katolika, ita da ba ta taɓa shiga majami'arsu ba tun da aka haife ta. Gerry Adams na Sinn Féin, jam'iyyar da ke da alaƙa da IRA, ya yi tir da harin ba tare da kwana-kwana ba, abin da ba a saba ji daga ɓangarensu ba, a farkon Satumba kuma Bill Clinton da Tony Blair suka zo suka gana da iyalai. Manyan baƙi da 'yan jarida suka tafi, mu kuma aikinmu ya fara. Shekara da shekaru majinyatan ranar suna dawowa: a sake gyara kututturen ƙafa, a canza ƙafar roba saboda yaro ya girma, a ciro gutsuren gilashi ko ƙarfe da jiki ya turo waje da kansa bayan an ɗauka an gama. Wasu kuma babu tabo a jikinsu, sai rashin barci, da shan giya fiye da kima, da auren da ya mutu. Na san matar da ta daina bi ta Market Street gaba ɗaya, takan zagaya ta bayan gari don ta je banki. Wasu daga cikin ma'aikatanmu sun ajiye aikin jinya, ba su kuma taɓa faɗin dalili ba.

A watan Fabrairun 2000 abin ya zo mini gida. Rikicin shari'a ya ɓarke a Kaduna, na kwana biyu ina neman layin Najeriya bai shiga ba. A lokacin na riga na yi aure, matata ta zo, mun kama gidanmu, amma Mama ta sa aka kawo ta, ta zauna tare da mu har muka ji cewa iyayena suna raye. Maƙwabcinmu Kirista ne ya ɓoye su. Bayan ƙura ta lafa sai suka sayar da gidan Kakuri suka ƙetare kogi zuwa arewacin gari, shi ma maƙwabcin daga baya 'yan'uwansa da ke arewa suka dawo kudu. Na ba Mama labari, ta tambaye ni abu ɗaya: "Suna gaisawa har yanzu?" Na ce suna gaisawa. Ta ce: "To, haka ake farawa, a gaisa kawai."

Maganar shari'ar waɗanda suka kai harin Omagh kuwa ita ce ta fi tsawaita ciwon. A Disambar 2001 mai binciken ƙorafe-ƙorafe a kan 'yan sanda, Nuala O'Loan, ta fitar da rahoton da ya soki yadda aka sarrafa bayanan sirri kafin harin da yadda aka gudanar da bincike bayansa. An ɗaure mutum ɗaya a Dublin a 2002, aka soke hukuncin a 2005. An wanke wani a Belfast a 2007. Iyalai kuma sun shigar da ƙara da kansu, a 2009 kotu ta ɗora alhakin harin a kan mutum huɗu, ciki har da Michael McKevitt, jagoran Real IRA, ta ce su biya diyyar fam miliyan 1.6. Amma hukuncin diyya ba ɗauri ba ne, kuma har yau babu wanda ke kurkuku saboda kisan mutanen nan. Michael Gallagher, wanda ya rasa ɗansa, ya shafe fiye da shekara ashirin yana bin kotuna kafin gwamnatin Birtaniya ta amince a 2023 a kafa kwamitin bincike a kan ko da an iya hana harin. A farkon 2025 kwamitin ya zauna a Omagh yana sauraron iyalai da waɗanda suka tsira, da yawa daga iyayen da suka fara wannan fafutuka kuma sun riga sun rasu. A tsakanin nan an kashe wani matashin ɗan sanda Bakatolike, Ronan Kerr, da bom a ƙarƙashin motarsa a garin a Afrilun 2011, saboda ya shiga sabuwar rundunar da aka kafa domin kowa da kowa.

'Ya'yana a Omagh aka haife su, kuma da lokacin makaranta ya yi sai muka sa su a wadda ke haɗa yaran ɓangarorin biyu, ko da yake har yanzu mafi yawan yaran yankin a rabe suke karatu. Babbar 'yata tana aji uku ta dawo gida tana iya faɗa mini ɓangaren kowace ƙawarta daga jin sunanta, ba tare da wani ya zaunar da ita ya koya mata ba.

Mama ta rasu bayan ta haura shekara tamanin. Majami'ar ta cika, Katolika sun zo da yawa, kuma cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarta har da wani manomi Bakatolike daga gidajen nan biyar, wanda gonarsa ke iyaka da tasu. Ɗanta ya manyanta, 'ya'yansa kuma babu mai son noma, saboda haka bayan wasu watanni ya yanke shawarar sayar da gonar. Maƙwabcin nan ya daɗe yana sonta, ya kuma yi tayi mai kyau. Ba a sa gonar a jarida ba, ba a kai ta gwanjo ba, aka sayar da ita a ɓoye ga wani ɗan majami'arsu daga wani ƙauye, a kan kuɗin da bai kai tayin maƙwabcin ba. Da ɗan Mama ya zo kawo mini wasu littattafan da ta ce a ba ni, na tambaye shi dalili, tunda mun saba har ina iya tambaya. Ya ce mutumin kirki ne, ba shi da abin da zai ce a kansa, amma a bakin hanyar nan aka zubar da jinin mahaifinsa, kuma ba zai zama shi ne wanda gonar ta bar hannunsu a zamaninsa ba. Maƙwabcin da sabon mai gonar yanzu suna aron tarakta a tsakaninsu.